Ɗan Jirgin Da Ya Ja Mini Kaffara

Shekarun baya, lokacin da ake tallar faifan kallo a kan tire a bakin kasuwa, babban ɗana ya shigo da wani faifai ya ce ya sayo wa yara. A unguwar Lamisula muke a Maiduguri, gidan da aka kawo ni ina amarya. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta sai an faɗa mini. Sana'ata turaren wuta, kuma ba amaryar kirki da za a kai ɗaki a yankinmu ba tare da kwalbata ba. Amma abin da aka fi sanina da shi tatsuniya ce. Akwai masu gemu yau a garin nan da suka jiƙa mini tabarma don tsoron kurar da na kwaikwaya. In an idar da magariba an ci tuwo, ba na kiran kowa, da ƙafarsu suke zuwa.

Faifan na wasu jiragen ƙasa ne masu fuska. Ido biyu, hanci, baki, har da gira, kuma suna magana da Turanci. Da farko ko kallo ba su ishe ni ba. Na ce wa matar ɗana, mu an hana mu tatsuniya da rana, ga ƙarafa suna yi da azahar tsaka babu mai tsawatar musu. Sai dai ɗakin kallon shi ne mai fanka, zafin Maiduguri kuwa ba ya shawara da kowa. Haka na riƙa shimfiɗa tabarma a bayan yaran, wai ina tsintar wake. Kafin a jima na san kowane jirgi da halinsa. Babbar jikata, 'yar makaranta, ita ke fassara mana, ko da yake rabin fassarar ban buƙace ta ba. Marar kunya ko da wane yare ya yi magana, a girarsa ake gane shi.

Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu. Shuwa ce, iyayenta makiyaya, 'ya'yanta dillalan shanu. Tare muka yi goyo, tare muka sauke farali, kuma tun da muke ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan gishirin miya. Ni da Kanuri na tashi, ita da Larabcinsu, faɗanmu kuwa da Hausa muke yi don kada wata ta ce ba ta ji ba. Ita ma zafi ya koro ta ɗakin fankar, ta zama 'yar kallo.

Ranar da abin ya faru, labarin da aka sa na wani ɗan jirgi ne sabo, mai sheƙi, mai rawar kai. A tasha akwai wani tsohon jirgi, baƙi, girarsa duk furfura, yana tsaye yana hutawa. Yaron nan ya taho a guje ya wuce shi. Ba sannu, ba ina kwana. Har ya busa masa hayaƙi a fuska yana dariya. Na ajiye farantin wake. A garin nan yaro ba ya wuce babba sai ya rage tsawo ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi iyali. Wannan kuwa hayaƙi ya ba dattijo.

Bai tsaya nan ba. Akwai kayan wani biki da aka saba ba tsohon ya kai, yaron ya yi ta naci har mutumin da ke kula da tashar, wani mai hula, ya ɗaura masa su. Ya zura da gudu. Ruwan sama ya cinye hanya a gaba, sai ga shi tsundum a cikin taɓo har wuya, yana ta ƙifta ido. Can aka nuno tsohon yana tahowa a hankali, cuku cuku, cuku cuku. Ya iso, ya tsaya, ya dubi yaron. Ya buɗe baki ke nan zai yi magana, aka ɗauke wuta.

Yara suka sa ihu. Muka jira har la'asar, sai labari ya zo cewa taransifomar unguwa ce ta ƙone. Faifan kuma ya maƙale a cikin na'urar, ba ya fita sai da wuta.

Ƙaramar jikata, wadda ba ta barci sai a cinyata, ta ce, "Kaka, me za a yi masa?"

Na ce, "Yanka shi za a yi gunduwa-gunduwa a sayar wa maƙera. Su yi murhu da cikinsa, su yi kasko da fuskar."

Maƙwabciyata ta kwashe da dariya. "Hajja, ba abin da za a yi masa. Tsohon zai jawo shi, shi ke nan."

"Ke uwar shanu, me kika sani a labari? Tun da aka fara tatsuniya a duniya, kin taɓa jin wanda ya raina tsoho ya kwana lafiya?"

"Ni garke na sani. Ɗan maraƙin da ya fi tsalle shi ke zama bijimi. Ba a yanka shi, da tsohon sa ake haɗa shi ya koyi tafiya."

"Wannan ba maraƙi ba ne, ɗan iska ne."

"Kin ga sheƙinsa kuwa? Wa zai ba maƙeri sabon abu? Turawan nan ba su da asara."

Yara suna kallonmu, kai ya juya nan, ya juya can. Abin da ya tunzura ni ke nan. A gaban jikokina, a cikin ɗakina, mai tatsar nono tana koya mini yadda labari ke ƙarewa. Na gyara zama na ɗaga yatsa.

"Wallahi tallahi, in aka ƙare labarin nan ba a hukunta yaron nan ba, ni da tatsuniya har abada."

Matar ɗana ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

Maƙwabciyata ta ce, "Hajja, janye."

"Ban janye ba."

"Yara, kun ji ta?"

Suka ce sun ji.

Akwai janareta a gidan maƙwabciyata, amma ɗanta ya kulle shi a ɗaki ya tafi kai shanu kudu da makullin a aljihu. Sai aka zauna jiran dawowarsa. A kwanakin nan labarin ya fita daga gidanmu ya shiga layi, kuma mutanen da ko hancin jirgin ba su gani ba kowa ya samu ra'ayi. Mai markaɗe ta ce ita dai a bar shi ya kwana a taɓon, sauro ya gaisa da shi. Mai kawo mana ruwa a kura ya ce duk mun bar mai laifi, mai hula ne ya ɗora wa yaro kayan da suka fi ƙarfinsa, kuma haka manya suke, in kaya ya zube sai a nemi ɗan dako. Matar ɗana ta ce, a hankali dai don tana tsorona, wai shi ma tsohon fuskarsa ba annuri, wa zai yi sha'awar gaishe shi? Na ce mata na ji, kuma na gane da wa take.

Har ƙanin mijina, wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa tun lokacin da jirgi ke zuwa garin nan, ya zo takanas ya yi mini bayani cewa jirgi ba ya tsayawa gaisuwa, lokaci gare shi. Na ce, "Wanda ka shiga yana da fuska?" Ya ce a'a. Na ce, "To. Duk wanda aka ba fuska an ba shi kunya." Ya sha kununsa ya tafi.

Ni kuwa ko ɗar ban ji ba. Kullum da magariba ina ba da tatsuniyata, ina ƙara wa yara bayanin irin kaskon da za a yi da fuskar yaron, wanda za a riƙa toya masa a ciki.

Da ɗan maƙwabciyata ya dawo, aka ɗauki na'urar a ka aka kai gidansu. Na sa lafayata ta zuwa biki, na turara ta sosai, na shiga ina taku ɗaiɗai. Ɗakin ya cika da mata har bakin ƙofa, mai ruwa yana leƙe ta taga. Aka tayar da janareta, aka faro labarin daga farko. Da aka zo wurin hayaƙin, mata suka yi salati. Na dubi maƙwabciyata na gyaɗa kai.

Aka iso taɓo. Tsohon ya buɗe baki ya yi maganarsa.

"Me ya ce?"

Babbar jikata ta ce, "Ya ce kada ka damu, yanzu zan fitar da kai."

Na ce dabara ce, ku dai jira. Aka ɗaura sarƙa, tsohon ya ja, ya ja, har girarsa na rawa. Yaron ya fito yana ɗigar taɓo, ya ce wani abu gajere.

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ce na gode."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Bai durƙusa ba?"

"Kaka, ba shi da gwiwa."

Daga nan aka wanke shi tas, aka yi masa ado da 'yan tutoci, aka sa shi a gaban kayan bikin. Tsohon kuwa aka mai da shi baya yana turi. Dattijo, a baya, yana tura wanda ya busa masa hayaƙi! Mai hula ya ɗaga hularsa, jirage duka suka yi dariya, rubutu ya fara hawa sama.

Na ce, "Ku bari, akwai saura."

Babu saura. Wani labarin ne ya biyo baya, na wani jirgi da ya ɓatar da fitilarsa. Na sa aka mayar baya aka sake, ko an tsallake wurin maƙeran. Haka aka sake wanke shi a gabana. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Na tattara lafayata na fita, ban yi wa kowa sallama ba, kuma na san me za ku ce, kada ku faɗa.

Washegari da magariba yara suka taru a tabarma yadda suka saba. Ƙaramar ta hau cinyata ta ce, "Kaka, ta zo mu ji ta." Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Na ce su je su yi karatu. Yarinyar nan ta yi kuka har ta yi barci a bayan uwarta. Rantsuwa ba wasa ba ce, da sunan Allah na yi, a gaban shaidu.

Na gwada dabaru. Na ce ai labari daban, tatsuniya daban, na fara ba su labarin wani attajiri da na sani a unguwar Abbaganaram. Ban ankara ba kura ta shigo ciki tana magana. Matar ɗana ta yi gyaran murya daga madafa, na katse labarin. Tatsuniyoyin suka riƙa yi mini ƙaiƙayi a baki. Ina daka kayan turare ina jin zomo yana ba dila amsa a cikin kaina, ba damar in faɗa wa kowa. Gidan maƙwabciyata kuwa na daina shiga, in mun haɗu a layi sai in tsaya gyaran takalmi.

Abin da ya karya ni, wata magariba na ga tsakar gida wayam. Sai na jiyo muryoyin jikokina ta bayan katanga, da muryar matar nan tana cewa, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na matsa jikin katanga. Tatsuniyata ce, ta kura da ta je gidan suna, wadda na gada daga kakata. Ta manta waƙar da ke tsakiya. Ta sa kurar tana magana da muryar mutane kamar mai sayen gishiri. Wurin da yara ke ƙanƙame juna don tsoro, ta tsaya tana bayanin irin saniyar da aka yanka a sunan, da launinta, da tsawon ƙahonta. Ƙaramar jikata ta ce, "Ba haka Kaka ke yi ba." Ta ce, "Kakarku ta yi ritaya."

Da hantsi na yafa mayafi na nufi unguwar Limanti wurin Goni, malamin da ke raɗa wa jikokina suna. Na same shi a zaure. Bayan mun gaisa, gaisuwa ta mutane, na ce, "Allah gafarta Malam, wata mata ce ta yi rantsuwa a kan wani al'amari."

Ya ce, "Hajja, maganar jirgin ce? Iyalina na cikin 'yan kallon."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Ya sa na maimaita lafazin rantsuwar yadda na faɗa. Yana saurare yana shafa gemu, kafaɗarsa na ɗan motsi, na yi kamar ban gani ba.

Ya ce, "Gaskiya yaron bai kyauta ba. Ni ma nan masu keke mai ƙafa uku ke wuce ni su bar ni da ƙura. Da ni ne tsohon, sai ya ɗan jima a taɓon."

"Ka gani, Goni! To rantsuwar ta faɗi ke nan?"

"Tana nan daram. In kina son komawa tatsuniya, sai kaffara. Ki ciyar da mabuƙata goma, ko ki tufatar da su."

Na riga na yi shirina tun daga gida. Na ce, "Ni azumin zan yi, kwana ukun nan, tsakanina da Ubangijina, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Ya ce, "Azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Ki ce mini ba ki da hali, sai ki ɗauki azuminki."

Na taɓa haƙorin Makkana da harshe. Ni, da amaren unguwa uku ke layi a ƙofata? In buɗe baki in ce ba ni da halin shinkafar mutum goma, kuma matarsa tana bayan labule tana ji? Na ce, "Alhamdu lillahi, ina da hali." Ya ce ya sani.

A bayan unguwarmu akwai wani kangon gini da wasu mata ke zaune da 'ya'yansu, waɗanda rashin zaman lafiya ya taso daga ƙauyukansu. Na yi niyyar in dafa a ɓoye in aika musu. Ina cikin wanke shinkafa sai ga maƙwabciyata ta shigo ba sallama, jikokinta na biye da babbar tukunyarta ta biki da ɗaurin itace, ita kuma riƙe da cinyar sa.

"Me ya kawo ki?"

"Matsa, Hajja. Yaranki sun ishe ni. Kullum ba haka Kaka ke yi ba, ba haka Kaka ke yi ba. Ki biya bashin bakinki ki karɓi kayanki."

Da wannan tukunya a tsakar gida, ɓoyo ya ƙare. Hayaƙi ya tashi, layi ya sani. Muka yi girkin muna faɗa a kan yawan barkono. Da ya nuna, muka ɗauka da kanmu muka kai.

Matan suka karɓe mu da mutunci, suka shimfiɗa mana buhu. Da suka ci suka yi addu'a, babbarsu, wata tsohuwa tsarata, ta ce, "Hajja, Allah ya karɓa. Wa ya rasu?"

Maƙwabciyata ta ce, "Ba wanda ya rasu. Jirgi ne ya tsira."

Suka dube mu. Ba yadda za a yi sai an yi bayani, bayani kuma ba mai iya shi sai ni. Rana ta yi sanyi, an kusa kiran magariba, kaffara ta shiga cikin masu ita. Na gyara zama a kan buhun nan na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Da suka amsa, sai da na ji hawaye ya taru mini.

Na ba su labarin tun daga tasha. Na yi muryar yaron, na yi tarin tsohon da hayaƙi ya shiga masa hanci, na yi cuku cuku har 'ya'yansu suka kama yi tare da ni. Da muka iso taɓo, sai tsohon ya tsaya, ya dubi yaron, ya ce, "Ban ji gaisuwarka ba." Yaron yana nutsewa ya fara. Ya tambayi kwana. Tsohon ya ce lafiya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, taɓo ya kai haɓa. Tsohon ya ce, "Ba ka tambayi iyali ba." Ga taragu a bayan tsohon jere, sai da yaron ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya amsa a natse ya kuma tambayi nasa mutanen gidan. Sai da ya rage girarsa kaɗai ake gani, sannan aka jefa masa sarƙa. Matan nan suka yi dariya har tsohuwar ta riƙe ciki tana cewa haka ne, wallahi haka ne.

Maƙwabciyata ta ce, "Ƙarya ne, jama'a, ba haka aka yi ba! Da idona na gani."

Na ce, "Nasu ƙarshen kyauta kika kalla. Nawa da shinkafata na biya."

Har yau ina nan a kan bakana, masu faifan nan ba su iya ƙare labari ba. Sun iya zanen gira, wannan na ba su. Abin da na ɗauka dai shi ne, labarin da wutsiyarsa ke hannun wani ba a rantsuwa a kansa. Yanzu in gardama ta yi zafi tsakanina da uwar shanu, na ji wallahi ta taso mini, sai in haɗiye ta in ce ina kyautata zato. Ita kuma ta ce in dai rantse mana, tukunyarta na nan a wanke.